Wasan Dabo-dabo da "Punch" na Ingila: Sharhi a kan Wata Tsohuwar Kwatance

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1910 wani Bature, D. Alexander, ya buga ɗan bayani a mujallar Man game da wasan 'yan tsana da ya gani a Barno. Ya kira shi "Dubbo-Dubbo", ya kuma laƙaba masa sunan Punch da Judy. Manufar wannan takarda ita ce a auna wannan kwatance, a ga inda ta dace da kuma ɓarnar da ta yi.

2.0 Asalin Punch

Shi kansa Punch baƙo ne a Ingila. Tushensa Pulcinella ne, wani wawa a wasannin barkwancin Italiya. Ran 9 ga Mayu, 1662, Samuel Pepys ya rubuta cewa ya kalli wasan 'yan tsana na wani ɗan Italiya a Covent Garden da ke Landan, kuma daga ranar ake lissafin shekarun Punch. Da fari da igiya ake motsa shi. Sai wajen ƙarshen ƙarni na 18 ya koma ɗan tsanar da ake zura hannu a ciki, abin da ya ba mutum guda damar yawo da wasan a tituna. Jigonsa duka ne da tsaurin ido: Punch ya jefar da jaririnsa, ya doke matarsa Judy da sanda, ya yaudari hauni har ya rataye kansa, daga bisani ya kara da Shaiɗan.

3.0 Inda Suka Yi Kama

Kamannin a sana'a suke. A bayanin R. E. Ellison na 1935, mai wasan Barno kan kafa babbar riga kamar rumfa ya shige ciki, 'yan tsanar na leƙowa ta wuyan rigar. Yakan sauya murya da ɓawon ƙwan jimina da yake sawa a baki, kamar yadda mai Punch ke manna ƙarafa biyu a ganɗa. Dukansu kuma a dandali suke cin abinci, daga abin da 'yan kallo suka bayar.

4.0 Inda Kwatancen Ta Gaza

Amma kama da wane ba wane ba ce. Kalmar "dabo" a Hausa rufa-ido take nufi, wato jama'a sun ɗauki mai wasan a sahun masu abin al'ajabi, ba mai ba yara dariya kawai ba. Da aka yafa masa sunan Punch, sai ya zama inuwar abin wasu, aka gamsu da suna, aka bar zancen da 'yan tsanar ke yi.

A nan babban bambancin yake. A 1828 John Payne Collier ya buga wasan Punch na Giovanni Piccini, tare da zane-zanen George Cruikshank. Saboda haka ko da aka mai da wasan bakin teku, aka rage masa zafi domin yara, akwai matanin da za a koma wa. Mu kuwa muna fara tarihin wasan kwaikwayo a aji daga littafin R. M. East da Wasan Marafa na Abubakar Tunau, mu ɗan taɓa tashe, mu wuce. Da na tambayi ɗalibaina 'yan Rano da Kibiya, tashe suka zayyana mini dalla-dalla, amma dabo-dabo sai suka fassara shi da siddabaru.

5.0 Kammalawa

Ba aron Punch muke bukata ba, darasinsa muke bukata. Ya kamata ɗaliban da ke fita gwajin koyarwa a Rano da Kibiya su zauna da dattawa da tsofaffin makaɗa, su ɗauki muryar duk wanda ya taɓa ganin wasan, su rubuta zancen yadda aka faɗe shi. Kowane tsoho da aka kai makwanci ba a tambaye shi ba, da nasa kason ya tafi.