Tilawa a Ɗakin Ganawa

A watannin baya, saboda daɗewar da na yi ina aikin lissafi a nan Yamai, aka gayyace ni in zama na ukun mutanen da za su gana da masu neman aikin nazarin kuɗi a wani kamfani mai shigo da motoci, wanda ba sai na ambaci sunansa ba. Kuma abin da na gani a kwana biyun da muka yi muna ganawar ya tsaya mini a rai, har na ga shiru a kansa bai halatta ba.

Samari da ƴammata ne masu ladabi, kowa da takardun shaidarsa, wasu a gida suka yi karatu, wasu Dakar. Amma duk wanda aka tambaya dalilin son aikin, ko aibin da ya sani ga kansa, sai ya kwararo amsa da Faransanci mai tsabta, lafazi ɗaya da na wanda ya gabace shi, har wurin da za a dakata a yi murmushi bai saɓa ba. Daga baya na fahimci cewa daga intanet suke ɗauko haddar, inda ake koya wa masu neman aiki a masana'antun Faransa da Amurka yadda za su amsa, bal ma yanzu na'ura ce ke tsara wa mutum jawabinsa. Mu da muka yi makarantar allo mun san darajar hadda, amma mun san kuma ba a ba almajiri fatawa don ya iya tilawa. Kada kuwa in ɗora musu laifin su kaɗai, domin takardar tambayoyin da aka miƙa mana ita ma daga can aka kwafo ta, sai ya zamana mai tambaya da mai amsa littafi ɗaya suke biya wa juna.

Alhali kuwa Nijar ba ta ƙera mota, saye take yi. Hatta CFAO, wakilin Toyota a ƙasar nan, asalinsa gidan fatauci ne da aka kafa a Marsiliya a 1887, kafin Toyota Tsusho na Japan ya mallaki mafi yawansa a 2012. Mai nazarin kuɗi a masana'anta, tunaninsa farashin ƙarfe da ladan ma'aikata. Namu kuwa, mas'alarsa hanya ce. Da can mota na sauka Kwatano, ta yi tafiyar kusan kilomita dubu, ta ƙetaro gadar Gaya. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, sai kaya suka koma bin Lome da Burkina Faso, cikin ayari da rakiyar soja, kuma kowace rana da mota ta ƙara a hanya, jari ne ke kwance, banki kuwa ba ya daina lissafin ruwansa. Ga kuma musanya: sefa ɗaure take da yuro, amma ba a ɗaure take da dalar Amurka ko kuɗin Japan ba, kuma wanda ya shaida Janairun 1994, da aka wayi gari darajar sefa ta ragu da rabi, bai ƙara ɗaukar wannan babi da wasa ba. Ban ma zo kan duwan ba, ko tsofaffin motocin Turai da ke karya farashi.

Alhazan Maraɗi na dauri, da ba su san wani abu wai shi ganawa ba, sukan ba yaro ɗan jari su zuba masa ido shekara guda, su ga amanarsa da basirarsa. Ba na cewa a koma can, zamani ya wuce. Amma a ƙalla a sa wa mutum abin da zai yi tunani a kai.

Saboda haka a rana ta biyu na ajiye takardar, na ce wa wata yarinya, wadda na ji mahaifinta kayan gyaran mota yake sayarwa: "Ɗiyata, in motoci ashirin suka ƙara wata biyu a hanya, wa zai biya, kuma nawa?"

Ta yi jim, sa'an nan ta ce: "Baba, a ba ni takarda da alƙalami, kuma a faɗa mini ruwan bankin."

Ta yi lissafi a gabanmu, ta yi kuskure wuri ɗaya, ta gano da kanta ta gyara, har ta tambaya ko masu sayen sun riga sun ba da kafin alƙalami, tambayar da ni kaina ban kawo ba. Amma da aka tambaye ta inda take hangen kanta nan da shekara biyar, sai ta ce Allah ne masani, aka rage mata maki. Ni ita na zaɓa. Abokan zamana biyu suka zaɓi wani saurayi mai daɗin baki.