A Bar Wa Mai Kwamfuta Zaɓin Muryarta

A 'yan shekarun nan kwamfuta ta koma shiru, kuma ni ban ɗauki wannan shirun a matsayin ci gaba ba. Masu laftof da yawa ba su ma san akwai inda mutum zai shiga ya sauya sautukan da na'urarsa ke yi ba: na shigowar saƙo, na kuskure, na soka filashi da zare shi, na batir idan ya kusa mutuwa. Wurin yana nan har gobe a Windows, cikin Control Panel, ƙarƙashin Sound. Sai dai an tura shi lungu, an kuma rage abin da ke cikinsa.

Da can kamfanonin da kansu sun ɗauki sauti da daraja. Lokacin da Microsoft ke shirya Windows 95, sai ta nemo Brian Eno, makaɗin nan ɗan Ingila, ta ce ya yi mata kiɗan buɗewa da bai wuce daƙiƙa uku da kwata ba. Guntaye 84 ya haɗa kafin a tsayar da ɗaya, wanda ya kai wajen daƙiƙa shida. A 2025 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya shigar da wannan ɗan kiɗan cikin kundin sautukan tarihin ƙasar. Windows 7, da ta fito a 2009, ta zo da ƙarin jerin sautuka har 13, ciki da Savanna da Raga. Abin da ya fi burge ni shi ne zamanin Windows XP, lokacin da mai kwamfuta ke iya cire kiɗan buɗewa ya ɗora nasa. A shagunan buga takardu da na intanet sai ka ji wata na'ura ta tashi da sallama, wata da bisimilla, wata da muryar ɗan mai shagon. Kafin ka kalli allo ka san ta waye.

Daga Windows Vista aka kulle kiɗan buɗewa cikin fayil ɗin tsarin, ya zama ko dai ka kunna nasu ko ka kashe. Windows 8 ta zo da shi a kashe a 2012. Apple ma ta cire nata daga MacBook Pro a 2016, ba ta dawo da shi ba sai 2020. Suna da hujjarsu, kuma na yarda da rabinta: laftof na shiga ɗakin taro da aji da ɗakin kwana, ba wanda ke son ta tayar da jariri da tsakar dare. Amma maganin wannan maɓallin kashewa ne, ba ƙwace zaɓi ba.

Sautin kwamfuta ba ado ba ne kawai. Kamar kalangu yake, kowane bugu da saƙon da yake ɗauke da shi. Mu da wuta ke ɗaukewa ba sanarwa, gargaɗin batir ya kamata ya sha bamban da kowane sauti, yadda ko kana kicin za ka ji ka rugo ka adana aikinka. Idan ƙarar kuskure da ta saƙo da ta batir duk sun yi kama, kunne zai daina saurarensu gaba ɗaya. Makaho mai amfani da kwamfuta kuwa, da kunne yake sanin na'ura ta gama tashi, ko filashin da ya soka ya kama. Shirun da wasu ke yabo, shi a wurinsa duhu ne. Windows 11 ta dawo da kiɗan buɗewa a 2021, amma har yanzu ba ta ba ka damar sauya shi cikin sauƙi.

Masu sha'awar sauya sauti ma ina da magana da su, don wasu na wuce gona da iri. Sautin da zai maimaita kansa sau da yawa a yini bai kamata ya wuce daƙiƙa ɗaya ko biyu ba. Wanda ya ɗora rabin waƙa a kan saƙon imel, abokan aikinsa yake azabtarwa, kuma shi ma zai gaji kafin mako ya ƙare. Ina kuma roƙo a bar ayoyin Alƙur'ani daga wannan harka. Sautin kwamfuta yankewa yake yi da zarar wani sautin ya shigo, aya ta tsinke a tsakiya, ko ta tashi a inda bai dace ba. Malamai da dama sun riga sun ja kunne kan irin haka a ƙarar waya.

Aikin ba shi da wuya. Windows fayil ɗin WAV take karɓa, kuma manhajar Audacity, wadda kyauta ce, ta isa ka ɗauki sauti ka datse shi ka rage ƙarfinsa. Ka fara da na batir, ka ba shi muryar da ba za ka taɓa rikita ta da wata ba, sauran kuma ka kashe duk wanda ba ya gaya maka komai.