Dabarun CBT da ciwon ɓarin kai a yara: me binciken ya tabbatar?

Idan aka ce maka zama da masanin halayyar ɗan Adam na rage wa yaro ciwon ɓarin kai, kar ka ɗauka tatsuniya ce. A 2013 mujallar JAMA ta buga binciken asibitin yara na Sinsinati da ke Amurka, kan yara 135 'yan shekara 10 zuwa 17. Rukuni ɗaya an koya musu CBT, wato dabarun sassauta jiki da sauya tunanin da ke tsananta ciwo. Ɗayan kuwa bayani kan ciwon kawai aka yi musu. Bayan mako 20, kashi 66 cikin ɗari na rukunin farko kwanakin ciwonsu sun ragu da aƙalla rabi, na biyu kashi 36.

To amma ga inda gizo ke saƙar: duk yaran suna shan ƙwayar amitiriftilin, ka ga ke nan ba a gwada CBT ita kaɗai ba. Kuma asibiti ɗaya ne tal. Sannan a 2017 wani babban gwaji ya nuna ƙwayar ba ta fi ta bogi aiki a yara ba.

Don haka kar ka dakatar wa yaronka magani da kanka. Amma ka tambayi likita: me ya sa ƙwaya kaɗai?