Kwaɗo a Ƙofar Wasa: Yaƙin Masu Wasannin Kwamfuta da Satar Fasaha

Wanda ya sayi wasan The Secret of Monkey Island a shekarar 1990, idan ya buɗe kwalin zai tarar da wani abu ban da faya-fayai: takardu biyu masu kauri, zagayayyu, an ɗora ɗaya kan ɗaya an maƙale su a tsakiya suna juyawa. A gefensu an zana fuskokin 'yan fashin teku, kowace fuska an raba ta biyu, goshi a takarda ɗaya, haɓa a ɗayar. Da ka kunna wasan sai allo ya nuna maka wata fuska, ya tambaye ka shekarar da aka rataye mai ita a wani tsibiri. Sai ka yi ta juya takardun har fuskar ta haɗu, ka leƙa shekarar ta wata 'yar taga, ka buga. In ka yi daidai a buɗe maka. In kuwa aboki ne ya kwafo maka faifan, ba ka da takardar, a bakin ƙofa za ka tsaya.

Dabarar wancan zamani ke nan. Kwafar faifai ba ta wuce 'yan mintoci, don haka kamfanoni suka mayar da makullin kan abin da ya fi wuyar kwafa. Wasu wasannin su ce ka duba littafin bayani, shafi kaza, layi kaza, kalma ta nawa. Jet Set Willy, wanda ya fito a Birtaniya a 1984, da kati mai launi-launi ya zo, saboda injin hoton takardu na lokacin baƙi da fari kawai ya sani. SimCity kuma aka buga lambobinsa a takarda ja mai duhu, wadda in an sa ta a inji sai ta fito baƙi ƙirin. Wanda ya fi ban dariya shi ne Lenslok, wani ɗan madubin roba da aka haɗa da wasan Elite na kwamfutar ZX Spectrum a 1985. Haruffa biyu ne ke fitowa a allo a hargitse, sai ka kara madubin a jikin talabijin ka runtse ido ka karanta. Idan talabijin ɗinka ya cika girma ko ƙanƙanta, ka shiga uku, ko da kuwa da kuɗinka ka saya.

Duk wannan wahala mai saye ne kaɗai ke shan ta, kuma nan ne gizo ke saƙar. Ɓarawon ba ya juya takarda. Tun daga shekarun 1980 akwai ƙungiyoyin matasa masu fasa kwaɗo, irin su Razor 1911 da ta taso a Norway da Fairlight ta Sweden. Su shiga cikin manhajar, su gano gurbin da take yin tambayar, su cire shi, sannan su liƙa sunansu da ɗan kiɗa a farkon wasan don duniya ta san su suka riga kowa. Yawancinsu suna suke nema, ba kuɗi ba. Kuma mutum ɗaya ya isa: in an fasa sau ɗaya, an fasa wa kowa. Sai ya zama kwafin sata ya fi na halal daɗin amfani, tunda shi ba ya tambayar kowa komai.

To me ya sa kamfanoni ba su haƙura ba? Domin su ma sun san ba katanga suke ginawa ba, lokaci suke saye. Babban cinikin wasa a makonnin farko yake, lokacin da ake ɗokinsa. Kwaɗon da ya yi wata biyu bai karye ba ya gama aikinsa. Kamfanin Insomniac ya nuna haka da Spyro: Year of the Dragon a 2000. Maimakon tarko ɗaya, sai suka binne da yawa a cikin wasan. Mai fasawa ya cire na farko, ya ga wasa ya tashi, ya saki abinsa yana murna. Sai an yi nisa duwatsu da ƙwayayen da ɗan wasa ya tara su fara ɓacewa, in ya kai ga abokin gaba na ƙarshe kuma a mayar da shi farko. Sai da aka yi wajen wata biyu kafin a samu cikakken kwafin sata, a lokacin da an saba gamawa cikin kwanaki.

Ni wannan salon ya fi burge ni, domin wanda ya yi laifin shi yake kamawa. A Batman: Arkham Asylum na 2009, mai kwafin sata in ya yi tsalle zai shawagi sai mayafin Batman ya ƙi aiki, ya faɗo. A Serious Sam 3 wata ƙatuwar kunama ce da ba ta mutuwa take bin sa duk inda ya nufa. Masu Game Dev Tycoon kuwa, wasu 'yan'uwa biyu, da hannunsu suka saka kwafin "sata" a intanet a 2013. Wasan na gudanar da kamfanin wasanni ne, kuma a wannan kwafin ɓarayi ne ke sace duk abin da ka ƙirƙira har ka karye. A ranar farko sama da kashi 93 cikin ɗari na masu bugawa da shi suke bugawa, wasunsu har suna kuka a fili cewa ɓarayi sun hana su ci gaba.

Amma ba wannan hanya manyan kamfanoni suka bi ba. Da aka koma faifan CD sai aka samu SafeDisc da SecuROM da StarForce, manhajojin da ke kutsawa can cikin kwamfutar mai saye su zauna, sau da yawa ba tare da ya sani ba. Spore na kamfanin EA ya fito a 2008 da sharaɗin sau uku kawai za ka iya girka shi. Da aka yi ca, aka ƙara zuwa biyar. An kai su kotu, kuma duk da kwaɗon, shafin TorrentFreak ya sa shi a matsayin wasan da aka fi sacewa a shekarar. A 2010 Ubisoft ya ce Assassin's Creed II ba zai yi ba sai kana kan intanet ko da yaushe, alhali wasan mutum ɗaya ne. Da na'urorin kamfanin suka tsaya a watan Maris, masu rasiti a hannu suka zauna suna kallon allo. Duk wanda ya san yadda data take, da yadda sabis ke zuwa ya ɗauke, ya san wa irin wannan sharaɗi ya kora daga kasuwa tun kafin ya shigo.

Yau sunan da ake ji shi ne Denuvo, na wani kamfani a Ostiriya, wanda ya bayyana a 2014. Da farko ya gagara, har wata ƙungiyar masu fasawa ta Sin, 3DM, ta nuna alamun sarewa a farkon 2016. Shekara guda bayan nan aka fasa Resident Evil 7 cikin kwana biyar. Tun daga lokacin abin kamar kokawa, yau wannan a sama, gobe wancan. Kamfanoni da dama kan cire shi bayan wasu watanni, wanda shi ma shaida ne cewa lokaci ake saye.

Kada a ɗauka ina wanke ɓarawo. Wanda ya ga yadda masu kwafa suka durƙusar da kasuwar faifan finafinan Hausa ba zai ce satar fasaha wasa ba ce, kuma ƙaramin mai ƙirƙira ya fi babban kamfani jin ciwonta. Sai dai akwai waɗanda suka tunkare ta ta wata fuska. Kamfanin CD Projekt ya taso ne a Poland, inda faifan sata ke zube a kasuwa da arha. Da suka kawo Baldur's Gate a 1999 sai suka fassara shi da harshen ƙasar, suka ɗauko sanannun 'yan wasan kwaikwayo suka sa murya, suka cika kwalin da taswira da sauran kaya, mutane kuwa suka saya. Su ne suka buɗe kantin GOG a 2008, inda ba a sayar da wasa da kwaɗo, kuma wasansu The Witcher 3 ya yi cinikin miliyoyi a haka. Gabe Newell na kamfanin Valve ma ya daɗe yana cewa matsalar ta rashin kyakkyawar hidima ce, yana kafa hujja da Rasha, wadda aka ce musu ba a saye sai sata, amma ta zama babbar kasuwa ga Steam, kantin wasanninsu.

Abin da ba a cika lissafawa ba shi ne tsufa. Kwaɗon da aka sa don wata biyu yana nan bayan shekara ashirin. Windows 10 ya daina karɓar SafeDisc, don haka faya-fayai na halal da yawa suka daina tashi. A ƙarshen Maris 2024 Ubisoft ya kashe na'urorin wasan The Crew, duk wanda ya saya ya rasa shi ɗungurungum, abin da ya haifar da gangamin Stop Killing Games a Turai. Tsofaffin wasanni da dama da ake iya bugawa yau, kwafin masu fasawa ne ya tsira da su. Kamfanonin ma sun sani. A 2008 wani gyara da aka yi wa Rainbow Six Vegas 2 ya sa wasan yana neman faifai a wurin waɗanda suka saya ta intanet, su da ba su da faifai. Ubisoft ya fitar da maganin matsalar, masu bincike suka buɗe shi, suka tarar da sunan Reloaded a ciki, wata ƙungiyar masu fasa kwaɗo.