Masu Sauya wa Baƙo Masauki Yana Tsaka da Aiki

Wanda ya bi titin Zariya a Kano ta Gyaɗi-Gyaɗi ya shiga Darmanawa da yamma zai tarar da masu POS ƙarƙashin lema, da masu shagon kwamfuta suna cike wa ɗalibai fom, ga kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ba a rufe ƙofarsa dare da rana. Kuɗin da ake turawa da fom ɗin da ake cikewa duk suna wucewa ne ta wasu sabobi da ke jere a ɗaki mai sanyi. Sabar kuwa na'ura ce: fankarta takan mutu, manhajarta takan buƙaci gyara, wata rana dole a kashe ta. Akwai injiniyoyin da suka ƙware wajen kashe ta ba tare da mai POS ya ce "netwok ya ɗauke" ba, kuma aikinsu ya cancanci a san shi.

A yau sabar guda takan ɗauki kwamfutoci masu yawa a cikinta, waɗanda ba su da jikin kansu. Manhaja irin su VMware, Hyper-V, KVM ko Proxmox ce ke yanka wa kowace rabonta na firosesa da ram. Waɗannan kwamfutoci baƙi ne, sabar ce mai masaukinsu. Gwanintar ita ce a ɗauke baƙo daga wannan masauki zuwa wancan yana tsaka da aiki.

Wahalar tana cikin ram, inda kwamfuta ke riƙe abin da take yi a wannan daƙiƙar. Kamar a ce ka kwafe littafin bashin mai shago alhali bai daina ciniki ba: kana kwafe shafi na goma, shi kuma ya koma na uku ya soke wani suna. Haka ake yi a zahiri. Ram a rarrabe take shafi-shafi, yawanci kilobait 4 kowane. A zagayen farko sai a tura dukkan shafukan zuwa sabuwar sabar, baƙon na ci gaba da aikinsa, manhaja kuma na sa alama a kan duk shafin da aka taɓa. Zagaye na biyu waɗanda aka taɓa kaɗai za a sake turawa. Na uku ya fi na biyu ƙanƙanta. Idan abin da ya rage ya zama ɗan kaɗan, sai a tsayar da baƙon cak, a tura ragowar tare da halin da firosesa ke ciki, a tashe shi a can. Nan take sabuwar sabar ta aika sanarwa ga suwici, na'urar da ke rarraba saƙonni, cewa mai wannan adireshi ya koma nan, saƙonni su bi sabuwar hanya.

Wannan tsayawar ita ce ma'aunin gwani. VMware ta fito da VMotion, manhajarta ta wannan aiki, a 2003. A 2005 Christopher Clark na Jami'ar Kambrij a Ingila da abokan aikinsa suka nuna yadda suka ɗauke sabar wasan Quake 3 a kan manhajar Xen ana tsaka da wasa, tsayawar ba ta wuce milisekan 60 ba. Ƙiftawar ido ma ta fi haka daɗewa.

Sai dai danna maɓalli kowa ya iya. Abin da ya fi burge ni shi ne lissafin da gwani ke yi kafin ya danna. Layin gigabit 1 ba ya ɗaukar fiye da megabait 125 a daƙiƙa, don haka baƙo mai ram gigabait 16 zai ci fiye da minti 2 a zagayen farko kaɗai. A layin gigabit 10 kuwa kusan daƙiƙa 13 ne. To idan rumbun bayanan banki ne a ƙarshen wata, albashi na shiga, yana ɓata shafuka fiye da yadda layin ke kwashewa fa? Za a yi ta zagaye ba a gama ba. Nan ne ƙwararre ke zaɓi. Ko ya jira tsakar dare ciniki ya lafa, ko ya sa manhaja ta rage wa baƙon gudu da gangan har kwafin ya cim masa, ko ya juya tsarin: ya tashi baƙon a sabon masauki tun da wuri, shafukan su biyo shi daga baya. Wannan hanya ta ƙarshe tana da sauri, amma idan layi ya katse a tsakiya, rabin ram na nan rabi na can, baƙon ya mutu ke nan. A ganina wanda ya san ranar da bai kamata ya bi wannan hanya ba ya fi wanda ya iya ta kawai.

Akwai kuma shirin da ake yi tun kafin ranar. Sabobin biyu su kasance suna kallon ma'ajiya ɗaya, in ba haka ba sai an haɗa da kwashe faifai, aikin ya ninka. Firosesa su dace, domin ba a ɗauke baƙo yana aiki daga Intel zuwa AMD. Sannan a bar gurbi. Wanda ya cika kowace sabar maƙil ba shi da inda zai kai kowa.

A Kano, inda Shugaba Buhari ya buɗe cibiyar adana bayanai ta Galaxy Backbone a farkon 2023, wannan ilimi ya zama na gida, kuma yanayinmu ya ƙara masa nauyi. Mun ga duhun Oktoban 2024, lokacin da yawancin Arewa ta yi kwanaki babu wuta. Ɗauke baƙo ba ya ceton sabar da ta mutu farat ɗaya, sai wadda ke da sauran numfashi. Idan wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi, batir na ba da mintoci ne ƙidayayyu. A cikinsu injiniya zai tattara baƙi masu muhimmanci a kan sabar ɗaya ko biyu, ya kashe sauran don batir ya ƙara jimawa. Wanda ya tsara tun da wuri wa zai fara tafiya, wa zai jira, wa za a kashe, shi ne ke gamawa kafin batir ya ƙare.