Ɗan Garuwa Bai Taɓa Cewa Shi Ya Haƙa Rijiya Ba

Ɗan yayata da ke karatu a Ingila ya turo mini hoton wani faifai a WhatsApp, an sa shi cikin leda mai ƙyalli, an rubuta masa suna mai tsawo da ke nuna manhajar ƙwararru ce ta gyaran hoto, wai tana yin duk abin da Photoshop ke yi. A wani shafin gwanjo na intanet ya saye shi da 'yan fam kaɗan, yana ta murnar ya yi tsintuwa. Ba a yi awa guda ba sai ga kiransa.

"Kawu, an cuce ni. Ina sakawa sai ga wata 'yar dabba mai kama da kare, da burushi a baki. Abokin ɗakina ya kwashe da dariya, ya ce GIMP ne, kyauta ake sauke shi."

Na ce ya duba lambar fitowar. Ya ce 2.8. Wannan tun 2012 ta fito. Ashe har tsohon yayi aka sayar masa.

Shi a ganinsa ɓarawo ya gamu da shi, kuma ya kamata a hana irin wannan ciniki kwata-kwata. Na yarda an cuce shi, amma mun saba a kan inda cutar take.

Sayar da irin waɗannan manhajoji da ake saukewa kyauta halas ne, kuma ba da wata ɓarauniyar hanya ba. Richard Stallman, wanda ya fara aikin GNU a 1983 ya kuma kafa gidauniyar FSF a 1985, da kansa ya riƙa naɗar manhajarsa ta Emacs a kaset yana aika wa mutane a kan dala 150 kowane ɗaya. Da wannan ya ci abinci bayan ya ajiye aikinsa a MIT. Lasisin GPL da ya rubuta, wanda GIMP da Blender da Audacity ke ƙarƙashinsa, ya ba kowa damar ya kwafa, ya gyara, ya raba, ya kuma sa farashin da ya ga dama. Sharaɗin shi ne ka miƙa wa mai saye takardar lasisin, ka ba shi hanyar samun asalin rubutun da aka gina manhajar da shi, kada kuma ka goge sunayen masu haƙƙi. Turawa sun daɗe suna fama da bayanin wannan, don a harshensu kalma ɗaya ce ke ɗauke da ma'anar kyauta da ta 'yanci. Mu Hausa ta hutar da mu. Abin da Stallman ke nufi 'yanci ne, kyautar tsarabar hanya ce.

Kowa ya san ɗan garuwa. Ruwan famfon unguwa ko rijiyar masallaci ba na sayarwa ba ne, amma babu wanda ya taɓa kiran ɗan garuwa ɓarawo don ya karɓi kuɗin jarka goma da ya turo a kura cikin rana. Ladan ɗauko ruwan ake biya. Haka kamfanin Walnut Creek na Amurka ya yi a shekarun 1990, yana buga Slackware da FreeBSD a faifai yana sayarwa ga mutanen da layin tarhonsu zai kwana biyu bai gama sauke su ba, kuma masu manhajojin suka ɗauke shi abokin tafiya. Mu ma nan, wanda ya taɓa miƙa wa 'yan dawunlodin wayarsa a bakin kasuwa don su tura masa abin da datarsa ba za ta ɗauka ba, ya san ana biyan kuɗin ɗauko abin da ba shi da farashi. Har Ubuntu ta yi shekaru tana aika faifai kyauta ta gidan waya zuwa ko'ina a duniya kafin ta daina a 2011, don ta san intanet ba ta kai wa kowa ba.

To amma ɗan garuwa bai taɓa cewa shi ya haƙa rijiyar ba. Bai kuma liƙa wa jarkarsa takarda ya ce ruwan Zamzam ne.

Nan ne nake rabuwa da yawancin masu wannan sana'a a eBay da makamantansa. Ribarsu gaba ɗaya ta dogara ne a kan kada mai saye ya san sunan gaskiya. Da an rubuta GIMP ɓaro-ɓaro a jikin ledar, da ɗan yayata ya buga sunan a waya ya ga shafin masu shi cikin minti ɗaya. Shi ya sa ake raɗa sabon suna. Blender, manhajar zane mai fuska uku da Ton Roosendaal ya 'yantar a 2002 bayan jama'a sun yi karo-karon Yuro 100,000 cikin mako bakwai, ta sha wannan. Wajen 2011 gidauniyarta ta fito ta gargaɗi mutane kan masu sayar da ita da sunan IllusionMage da 3DMagix, waɗanda har hotunan da masu zane suka ɓata dare suna yi suka kwashe suka yi talla da su ba izini. FlightGear, manhajar koyon tuƙin jirgin sama, ita ma an sayar da ita da sunan Pro Flight Simulator har sai da masu ita suka fitar da sanarwa.

Asarar kuɗin ita ce mafi ƙanƙanta. Wanda ya sayi abu da sunan bogi an raba shi da danginsa. Akwai dubban darussan GIMP a YouTube, amma shi zai je yana neman sunan da babu wanda ya sani. Ba zai ji labarin sabuwar fitowa ba. Bai san abin da aka cusa a cikin faifan ba kafin ya iso hannunsa. Idan kuma ya gano gaskiya daga baya, sau da yawa masu aikin sa-kai da suka gina manhajar, waɗanda ba su ga sisin kobonsa ba, su ne ke shan zagi. Tura ta kai bango kenan: kai da ka yi aiki don Allah, kai ke ba da haƙuri a kan cinikin wani.

Duk da haka ba na goyon bayan a hana. An gwada. A 2022 Microsoft ta fito da doka a shagon manhajojinta da za ta hana sayar da abin da ake samu kyauta a waje. Niyyar mai kyau ce, sai dai sandar ta nufi kan masu Krita, manhajar zane da su kansu masu gina ta ke sayarwa a wannan shago da kuma Steam don su biya ma'aikatansu. Da ƙungiyoyi irin su Software Freedom Conservancy suka yi ca, sai aka janye. Garin korar ɓera an kusa ƙona rumbu.

Abin da nake so shafukan gwanjo su tilasta bai fi layi biyu ba: sunan manhajar na gaskiya da lambar fitowarta a kan tallar, sai adireshin masu ita. Wanda ya ga haka ya ce duk da haka a aiko masa da faifai, ƙila don yana ƙauyen da sabis ke zuwa da yamma kawai, ko don dattijo ne da ya fi yarda da abin da zai riƙe a hannu, to ciniki ya faɗa, Allah ya sa albarka.

Ɗan yayata ya tambaye ni ko ya nemi a mayar masa da kuɗinsa. Na ce ya nema, amma kafin nan ya koma wurin da masu saye ke rubuta ra'ayinsu a ƙarƙashin tallar, ya rubuta sunan GIMP da manyan baƙaƙe. Ya yi. Faifan kuma yanzu a kansa yake ɗora kofin shayi.