Bayan Naira Ya Fi Gabanta Magana

Duk lokacin da zancen sauya fasalin kuɗi ya taso, sai a sami masu cewa zanen da ke jikin naira ado ne kawai, abin dubawa shi ne kada 'yan jabu su iya kwaikwayonta. Wannan magana ba ta da tushe. Babu littafin tarihin da ya ratsa hannayen jama'a kamar takardar kuɗi, gwamnatoci ma sun san haka.

Naira ta maye gurbin fam a 1973. A 1977 Janar Murtala Muhammed ya zama ɗan ƙasa na farko da hotonsa ya hau kuɗi, shekara guda bayan kashe shi. A 1979 aka ƙara Herbert Macaulay da Tafawa Ɓalewa da Alvan Ikoku, tsakanin 1999 da 2001 kuma Awolowo da Sardauna da Azikiwe suka biyo baya. Rabo ne na siyasa, kowane yanki da gwarzonsa, a nan kuma yawancin masu sharhi ke tsayawa suna musun wa aka saka, wa aka bari.

An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma a takardar kuɗi baya ake tambaya. Dabarar masu zanen ita ce su ba shugaba gaba, su ba aikin da ke riƙe da ƙasa baya. Jera takardun a tabarma daga ƙarama zuwa babba, ka kife su. Naira 5 makaɗa ne da gangunansu. Naira 10 matan Fulani ne biyu da ƙoren nono a ka, irin waɗanda ke shigowa gari da hantsi. Naira 20, tun 2007, Ladi Kwali ce a bakin aikinta, hannu a yumɓu: Bagwariyar da ta koyi ginin tukwane a ƙauyensu, ta shiga cibiyar ginin tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954, tukwanenta suka kai har Landan. Ba ta zauna don a ɗauke ta hoto ba, aiki take yi, wannan ne ma ya sa nake ganin zanen ya fi duk sauran kyau. Naira 50 kuwa masunta ne da kamunsu.

Daga nan sai mutum ya fara ɓacewa. Tsohuwar naira 100 Dutsen Zuma ne. Naira 200 ga dalar gyaɗa, ga shanu, ga amfanin gona, amma manomi da makiyayi ba su samu gurbi ba. Naira 500 na'urar haƙar mai ce a cikin teku. Naira 1000, wadda ta fito a 2005, ginin Babban Banki ne a Abuja. Ko da niyya ko ba niyya, jerin ya ba da tarihin arzikinmu daidai: daga sana'ar hannu zuwa noma, daga noma zuwa fetur, daga fetur zuwa ofis.

Hauhawar farashi ta ƙarasa aikin. Yau wa zai karɓi biyar ko goma a hannunka? Takardun da ke ɗauke da talaka su ne suka fara rasa daraja, yara na tasowa ba su taɓa ƙare wa Ladi Kwali kallo ba.

Shi ya sa sauyin fasalin naira na 2022 ya ba ni takaici. An taɓa 200 da 500 da 1000, amma launi kawai aka juya, aka bar zanen yadda yake. Masu cewa hakan ya isa ba su ɗauki zane a bakin komai ba. Idan za a sake fasalin naira, a ɗauko manomi da maƙeri da masaƙi da mai nono a ɗora su a kan manyan takardu, domin guminsu ne ke ba kuɗin daraja.